Ku Ajiye Ashanar Nan: Magana ga Masu Noma da Kiwo a Kan Tsaunuka

Sau uku ke nan cikin 'yan makonni ana kirana in je in duba idon ruwan da ya ƙafe. Kowace tafiya iri ɗaya ce. In hau gangare ina haki, in tarar da mata sun jera jarkoki babu ko ɗigo a ciki, in ɗaga kai in ga saman dutsen ya yi baƙi ƙirin, iska na kwasar toka. A ta ƙarshen wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Malam, tun ina yaro idon nan bai taɓa yankewa ba, ko a shekarar fari." Na ce, "Baba, to wa ya cinna wa saman nan wuta?" Shiru. Kowa ya sunkuyar da kai, yara suna ta kallon juna.

Ni malamin gona ne, ƙauyukan kan duwatsu nake zagayawa, kuma bakina ya gaji da maganar ƙona daji. Amma zan sake.

Cewa zafi ya ƙaru, wannan kun fi ni sani. Ku ne kuke faɗa mini da can sai da bargo biyu ake kwana, yanzu ɗaya ma ana ture shi kafin asuba. Ku ne kuka lura hazon safe da ke kwanciya a kan tudu har hantsi yanzu ba ya daɗewa. Albarkar mutumin dutse ita ce sanyi: duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Wannan sanyin shi ya riƙa tare muku sauro da ƙwarin gona a ƙasa. To ga shi yana ja da baya, yana hawa sama, abin da yake tarewa kuma yana biye da shi. A 2014 masu bincike sun nuna cewa a tsaunukan Habasha da na Kolombiya, duk shekarar da aka fi zafi, zazzaɓin cizon sauro kan haura zuwa garuruwan da suka fi tudu. Abin da ya sa ya fi muni a sama shi ne jikin mutanen can bai saba da cutar ba, in ta kama yaro sai ta kwantar da shi warwas.

Ba ku kaɗai ba ne. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi kowane tsawo a Afirka, ya rasa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kansa tun daga 1912. A tsaunukan Alps na Turai zafi ya ƙaru da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, fiye da yadda ya ƙaru a duniya baki ɗaya, kuma Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A duniya baki ɗaya, shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta zafi.

Zan yi muku adalci. Babban abin da ya jawo wannan ba daga gonarku ya fito ba. Hayaƙin kwal ne da man fetur da gas da masana'antu da motoci suka yi sama da shekara ɗari suna tura wa sama, har iskar kabon, wadda ke riƙe zafi a sararin sama, ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa zuwa sama da 420. Manyan ƙasashe masu arziki su suka fi kowa hannu a ciki. Na yarda. To amma don wani ya tona maka rami, sai ka ɗauko galma ka ƙara masa zurfi?

Abin da kuke yi ke nan duk rani. Mai gona ya ce sassabe da hannu wahala ne, ya ƙyasta ashana. Mai dabbobi ya ce yana son sabon toho, ya ƙyasta ashana. Samari su hango ɗan naman daji ya shige ciyawa, su ƙyasta ashana. Haba jama'a! Wuta a kan gangare ba irin ta fili ba ce. Gudu take yi sama, tana gasa abin da ke gabanta tun kafin ta iso shi, ba mai iya tare ta da reshe. Wanda ya kunna ta don ya share kadada ɗaya, kafin magariba ta cinye rabin dutse, shi kuma yana gida ya wanke ƙafa. Ko Kilimanjaro ɗin ma, a watan Oktoba na 2020, gobara ta yi kwanaki tana ci kafin a shawo kanta.

Ku je ku dafa ƙasa da tafin hannu da tsakar rana, a inda aka ƙone da kuma ƙarƙashin ciyawar da wuta ba ta taɓa ba. Ba sai na kawo muku wata na'ura ba. Ɗaya ba za ka iya barin hannunka a kai ba, ɗaya kuwa in ka tona kaɗan da yatsa har yanzu da danshi. Bishiyoyi da ciyawar saman dutse su ne ke riƙe ruwan sama ya nitse a hankali, ya fito muku a idon ruwa watanni bayan damina ta wuce. A tsaunukan da hazo ke sauka, ganyayen ma tatsar ruwa suke yi daga hazon, ya ɗiga ƙasa ko ba a yi ruwa ba. Kun aske wa dutse kai, sannan ku zo kuna tambayata ina ruwa ya tafi. Ya gangara ne a rana ɗaya, ya tafi da ƙasar noman ku, ya bar muku tsakuwa. Wani lokaci ma gangaren ne gaba ɗaya ke zaftarowa kan gidajen da ke ƙasa.

Kuma don Allah a daina ce mini toka taki ce. Na ji wannan har na ƙoshi. E, akwai ɗan amfani a toka, amma a kan gangare ruwan farko ke wanke ta, abin da ya fi amfani a ganyen kuma ya riga ya bi hayaƙi. Shekara ta farko gona ta yi kyau, ta uku ka fara neman inda za ka sake ƙonewa a can sama. Haka ake ta hawa har a iske kan ruwa.

Na san ba mugunta ba ce. Na san hannu ya yi ƙaranci, matasa sun tafi birni, mutum ɗaya ba zai iya sassabe gona mai tudu shi kaɗai ba. Na zauna da ku, na ga tafin hannuwanku. Shi ya sa ba na zuwa da hukuma, nake zuwa da baki. Amma idon ruwa ukun nan da na duba, duka a ƙarƙashin ƙonannen wuri suke, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ga abin da nake roƙo kafin ranin nan ya yi nisa:

- Kada a sa wuta a saman idon ruwa ko bakin ƙorama, ko da wane dalili. A bar bishiyoyin wurin.
- Ciyawar da aka sassabe a jera ta a gicciye kan gangare, ko a binne ta ta ruɓe.
- Kunya a gicciye, ba daga sama zuwa ƙasa ba. Inda akwai duwatsu a jera su.
- In ƙonawa ta zama dole, a tara a wuri ɗaya, a share kewaye, a yi da sassafe ba iska, a tsaya har ta mutu.
- Masu kiwo su yanki ciyawa su adana tun tana ɗanya.
- Gidan sauro, ko kuna ganin kun yi tudu. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi gwaji ranar.

Masu unguwa da shugabannin makiyaya, ku zauna ku tsayar da doka a kan wutar nan tun yanzu, ku kira ni in zo zaman. Dattijon can ya yi mini alkawarin bana ba wanda zai kusanci saman idonsu da ashana, kuma na ce masa zan dawo in duba da idona kafin ruwan farko.