Kurt Masur: madugun makaɗan da ya tashi daga Leipzig har New York

Wane ne Kurt Masur?

Bajamushe ne, madugun makaɗa, wato mutumin nan da ake gani tsaye gaban makaɗa kusan ɗari, ya ba 'yan kallo baya yana ta kaɗa hannu. An haife shi ranar 18 ga Yulin 1927 a garin Brieg, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yau kuwa yana Poland da sunan Brzeg. Ya rasu a Amurka ranar 19 ga Disamban 2015 yana da shekara 88. Manyan ƙungiyoyin makaɗa huɗu ya riƙe a ƙasashe huɗu: Gewandhaus ta birnin Leipzig, a tsohuwar Jamus ta Gabas, daga 1970 zuwa 1996, New York Philharmonic daga 1991 zuwa 2002, London Philharmonic daga 2000 zuwa 2007, sai Orchestre National de France daga 2002 zuwa 2008.

Mutumin da ba ya kiɗa, ba ya busa, ba ya waƙa, mene ne aikinsa?

A wurinmu mawaƙi shi ne jagora, da murya da ƙifta ido yake jan 'yan amshi da makaɗansa. A can kuwa kiɗan rubutacce ne, sau da yawa wanda ya tsara shi ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma kowane makaɗi nasa layin kaɗai ke gabansa. Madugu ne ke riƙe da littafin duka. Shi zai yanke saurin tafiya, ya ce masu busa sun danne masu goge su sassauta, ya nuna wa mai ganga daidai inda zai shigo bayan ya yi minti goma yana jira. Yawancin wannan aiki a wurin gwaji ake yin sa, inda ba ɗan kallo ko ɗaya.

A opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi daga farko har ƙarshe, wuyar ta ninka. Makaɗa suna cikin rami a gaban dandamali, mawaƙa suna sama suna kai da kawowa, wani lokaci a kwance ake rera baiti. Idan numfashin mawaƙiya ya kusa ƙarewa, dole madugu ya gane tun kafin ta gaza, ya ɗan ƙara sauri ya fitar da ita kunya. Masur da hannu tsura yake yin duk wannan. Tun bayan mummunan haɗarin mota da ya yi a 1972, wanda matarsa ta rasu a ciki, ya ajiye ɗan sandan nan da madugai ke riƙewa.

Ta ina ya fara?

Daga ƙasa. Da farko aikin lantarki ya koya, burinsa kuma piyano, sai ciwon jijiya a hannu ya rufe masa wannan ƙofa. Ya yi karatun kiɗa a Leipzig daga 1946, a 1948 ya samu aiki a gidan wasa na Halle yana kaɗa wa mawaƙa piyano suna haddace waƙoƙinsu. Daga nan sai Erfurt, sai gidan opera na Leipzig, sai Dresden, sai Schwerin, kana Komische Oper ta Balin daga 1960 zuwa 1964, inda ya yi aiki da fitaccen mai shirya opera Walter Felsenstein. Wannan tsani tsohuwar al'adar Jamus ce, domin kusan kowane gari mai ɗan girma yana da gidan operarsa, kuma a nan matashi ke koyon sana'a dare bayan dare. Sai da ya kai shekara 43 aka ba shi Gewandhaus.

Ya aka yi ɗan Jamus ta Gabas yake yawon duniya alhali an kulle 'yan ƙasarsa a gida?

Gwamnatin kwaminisanci tana da buƙatarsa. Ƙungiyar Gewandhaus, wadda asalinta ke komawa 1743, kuma shahararren mai tsara kiɗa Felix Mendelssohn ya jagorance ta tun daga 1835, abin tinƙaho ce a idon duniya, tana kuma kawo kuɗin waje. A 1974 Masur ya fara jagorantar kiɗa a Amurka tare da makaɗan Cleveland, a shekarar kuma ya kai 'yan Leipzig rangadi can. A 1981 ya fara tsayawa gaban makaɗan New York a matsayin baƙo.

Wasu sun gudu, kamar madugu Klaus Tennstedt da ya tsallake zuwa Yamma a 1971. Masur ya zauna, ya karɓi lambobin yabon gwamnati, ya kuma ci moriyar kusancinsa da Erich Honecker, shugaban Jamus ta Gabas. Tsohon zauren Gewandhaus bam ya ƙone shi a yaƙin duniya na biyu, makaɗan suka yi shekaru suna raɓe a wani zauren taro da ke jikin gidan namun daji. Masur ya matsa har aka gina sabo, aka buɗe shi a watan Oktoban 1981 Honecker na zaune a ciki. Wanda ya ce ɗan adawa ne tun asali ya ƙara gishiri. Mutum ne da ya iya zama da masu mulki don sana'arsa ta samu abin da take so.

To me ya faru ranar 9 ga Oktoban 1989?

Ranar Litinin ce, kwana biyu bayan bikin cikar Jamus ta Gabas shekara 40. Kowace Litinin ana addu'ar zaman lafiya a cocin Nikolai da ke Leipzig, daga nan a fita zanga-zanga, kuma taron ƙaruwa yake yi. An jibge jami'an tsaro a birnin, abin da ya faru a dandalin Tiananmen na ƙasar Sin a watan Yuni yana cikin zukatan kowa. Masur ya haɗu da mutum biyar: malamin addini Peter Zimmermann, ɗan wasan barkwanci Bernd-Lutz Lange, da sakatarorin jam'iyya mai mulki uku na yankin. Suka rubuta gajeren kira, suna roƙon a kwantar da hankali, suna alkawarin za a buɗe ƙofar tattaunawa. Muryar Masur ce ta karanta shi ta lasifikokin titunan birnin.

Kimanin mutum 70,000 suka fito, ba a harba harsashi ba. Bayan wata guda cif, ranar 9 ga Nuwamba, katangar Balin ta faɗi. Ba shi kaɗai ya hana zubar da jini ba. Yawan jama'ar ne ya fi ƙarfin lissafin hukuma. Amma sa hannun 'yan jam'iyya uku a takarda ɗaya da shi ya nuna wa masu bindiga cewa gidan ya tsage. Daga baya ya buɗe zauren Gewandhaus jama'a suna shiga suna faɗa wa shugabanni gaskiya, har aka riƙa ambatonsa a matsayin wanda zai iya shugabantar ƙasar.

Ke nan wannan suna ne ya kai shi New York?

Ya taimaka, ba shakka. Sai dai makaɗan New York sun yi ƙaurin suna wajen taurin kai, kuma bayan tafiyar madugunsu Zubin Mehta, mai tsawatarwa ake nema. Masur mai tsanani ne a wurin gwaji, ba ya barin kuskure ya wuce, kuma masu sharhi da dama sun yarda cewa sautin ƙungiyar ya gyaru a hannunsa. Ƙarfinsa yana wurin kiɗan da Beethoven, Mendelssohn, Brahms da Bruckner suka tsara, wasu ma sun ce ya cika maimaita su. Duk da haka shi ya jagoranci fitowar farko ta All Rise, aikin makaɗin jaz Wynton Marsalis, a ƙarshen 1999. Ranar 20 ga Satumban 2001, kwana tara bayan harin da aka kai birnin, ya jagoranci Requiem na Brahms, wato waƙar makoki, don tunawa da mamatan, aka watsa a talabijin.

Rabuwar ba ta yi daɗi ba. Ya yi ta saɓani da masu gudanar da ƙungiyar kan wa ke da iko, kuma bai ɓoye cewa ba da son ransa ya tafi a 2002 ba.

Daga nan fa?

Bai huta ba, ko da yake an yi masa dashen ƙoda a 2001. Shekara biyar yana riƙe da Landan da Paris a lokaci guda. A watan Afrilun 2012 ya faɗo daga dandamali yana tsakiyar aiki a Paris, ya karye a kafaɗa, a shekarar kuma ya bayyana cewa yana fama da cutar Parkinson. Ya ci gaba da koyar da matasan madugai. Ɗansa Ken-David Masur ya gaji sana'ar, aka ba shi ƙungiyar makaɗan Milwaukee a Amurka daga 2019.