Waiwaye: Daga tulun masunci zuwa teburin Lisbon, tarihin oktofas a girkin Fotugal

Da wuya ka leƙa gidan abinci a tsakiyar Lisbon ko Porto yau ka rasa polvo à lagareiro a takardar abincinsa. Oktofas ne, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a dafa shi, a gasa, a yi masa wanka da man zaitun da tafarnuwa, a kewaye shi da ƙananan dankalin turawa. Baƙo yakan ɗauka tun kaka da kakanni haka ake cinsa. Alhali a cikin girke-girken oktofas na ƙasar wannan ɗan baya-bayan nan ne, kuma bai tsira daga algus ba. Wanda ya san hanyar da dabbar ta biyo kafin ta iso faranti zai fi gane wane gida ya kamata ya shiga.

Asalin sana'ar na masuntan gaɓa ne, musamman a Algarve da ke kudancin ƙasar. Ƙauyen Santa Luzia kusa da garin Tavira har laƙabin hedikwatar oktofas ake masa. Dabarar tasu ta dogara ne da ɗabi'ar dabbar: ba ta da ƙashi ko ɓawo, don haka kullum rami take nema ta ɓuya. Sai masunci ya ɗaura tuluna na yumɓu, waɗanda suke kira alcatruz, a jikin doguwar igiya, ya shimfiɗa a ƙasan teku ba tare da ko ɗan abin tarko ba. Oktofas ya shiga ya mai da tulun gida, bayan 'yan kwanaki a janyo igiya. Yau tulunan roba sun kori mafi yawan na yumɓu, ga kuma kejin da ake sa wa kifi a ciki don ya janyo oktofas, wato covo. Doka ta hana sauke wanda bai kai giram 750 ba, kuma sayarwar farko a wajen gwanjon kifi ake yinta, wanda hukumar Docapesca ke gudanarwa a tashoshin ruwa. Amfanin wannan kamu shi ne dabbar na fitowa da rai, fatarta ba ta ƙuje ba, saɓanin wadda babbar koma ta ja a ƙasa tare da duwatsu da sauran kifaye.

Kafin firiza, busarwa ita ce ajiya. A buɗe oktofas da 'yan sanduna a rataye a rana da iska har ya ƙafe. A Algarve har yanzu ana gasa busasshen a kan gawayi a wuraren baje koli. Busasshen nan ne ya kai oktofas garuruwan da ba su ga teku ba. A Galisiya, yankin Sifaniya da ke arewa da Fotugal, sufayen Kirista na gidan ibadar Oseira sun riƙa karɓar oktofas a matsayin haraji daga tashar Marín, shi ya sa garin O Carballiño da ke can cikin tudu ya zama gidan masu dafa shi, yana kuma yi masa biki duk watan Agusta. Al'adar ta tsallaka iyaka. A Minho da Trás-os-Montes, yankunan arewacin Fotugal, gidaje da yawa oktofas suke ci daren jajiberin Kirsimeti, daren da al'adar Katolika ta hana nama, yayin da sauran ƙasar ke cin bacalhau, kifin kod mai gishiri. A zamanin Salazar, shugaban mulkin kama-karya na Fotugal, gwamnati ta tsaya wa kod ƙwarai, har ta kafa hukumar kula da cinikinsa a 1934, kuma mutanen ƙauyukan kan iyaka na ba da labarin yadda ake fasa-ƙwaurin oktofas daga Galisiya idan Disamba ta kama.

To ina lagareiro ya fito? Daga matsar man zaitun, wato lagar, ta yankunan Beira da ke tsakiyar Fotugal. Lokacin matsa, a ƙarshen shekara, ma'aikata kan gasa kod da dankali a garwashin wurin, su tsiyaya sabon mai a kai ba tare da awo ba, tun da man a gabansu yake. Girkin kod ne tun farko. Daga baya gidajen abinci suka ɗora oktofas a kan wannan salo, ya karɓu har ya nemi shafe na asalin.

Abubuwa biyu suka ba shi wannan dama. Na farko firiza. Naman oktofas cike yake da jijiya mai tauri, shi ya sa a da masunci kan yi ta maka shi a kan dutse kafin a dafa. Ƙanƙara tana yin wannan aiki cikin sauƙi: ruwan da ke cikin naman ya daskare, ya tsattsage zaren. Kwana biyu a firiza, sannan a bar shi ya narke a hankali cikin firij. Saboda haka tambayar da ake yi wa mai sayar da kifi, ko na yau ne, ba ta da wani amfani a nan. Gidan da ya ce maka oktofas ɗinsa bai taɓa ganin ƙanƙara ba, ko dai ƙarya yake yi ko kuma ka shirya tauna.

Na biyu shi ne tekun Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 jiragen Japan da na Sifaniya suka gano ɗimbin oktofas a ruwan da ke gaban Sahara, kuma yau Dakhla ta Yammacin Sahara, da Nuwadibu ta Muritaniya, da gaɓar Senegal suna cikin manyan masu ciyar da kasuwar Turai da Japan. Jinsi ɗaya ne da na Algarve, Octopus vulgaris, kuma mai kyau ne. Abin da Fotugal ke kamawa ba ya isarta, ga shi Sifaniya na sayen wani kaso, don haka babban hannun da ka gani a faranti a Lisbon, mai yiwuwa daga can ya taso. Dabbar ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu a duniya, macen tana mutuwa bayan ta ƙyanƙyashe, shi ya sa kamun bana ba ya nuna na baɗi. Maroko takan rufe kamu na watanni don a bar su su hayayyafa. Ƙara da yawon buɗe ido da ya cika Lisbon da Porto bayan 2010, da Amurka da ta shigo sahun masu saye, farashi ya yi tashin gwauron zabo, musamman a 2018. Kamfanin Nueva Pescanova na Sifaniya ya sanar da shirin kiwonsa a Las Palmas da ke tsibiran Canary, masu kare dabbobi suka yi ca a kai. Wanda ke kasuwa dai daga teku ake kamo shi.

Tsada ita ta buɗe ƙofar algus. Oktofas yakan rasa kusan rabin nauyinsa a tukunya, wato giram 300 a faranti ya cinye giram 600 na ɗanye. Idan ka ga farantinsa da araha kamar na kaza, akwai dalili. Galibi pota ce, wata ƙatuwar 'yar'uwarsa da ake kamowa a tekun Peru da Chile, ana sayar da hannayenta a dafe. A ido ana ganewa. Hannun oktofas na gaskiya yana da layi biyu na 'yan kofunan mannewa tun daga gindi har tsini, masu tsoka, manne da fata mai launin ja zuwa shunayya. Kofunan pota suna da zobba masu haƙori da ake cirewa, sai su zama ƙanana ko ragargazazzu, naman fari fat, ɗanɗanon salam, wani lokaci da ɗan tsami. Akwai kuma ƙaramin jinsi mai layi ɗaya da suke kira polvo cabeçudo, doka ta yarda a sayar, amma bai kai darajar wancan ba. An fi ɓoye pota a abincin da aka yayyanka, kamar salak da shinkafa. A kanti dokar Tarayyar Turai ta 2013 ta tilasta rubuta sunan jinsi da yankin kamu: lamba 27 arewa maso gabashin Atlantika, 34 gaɓar Afirka ta Yamma, 87 tekun Peru da Chile. A gidan abinci kuwa sai dai ka tambaya.

Ko da an samu na gaskiya, a tukunya ake cin nasara ko a faɗi. Mai kilo biyu yana son minti 45 zuwa awa guda a ruwan da ke ɗan motsi, da albasa guda, ba gishiri, domin da gishirinsa ya zo. Masu girki kan tsoma shi sau uku a tafasasshen ruwa kafin su sake shi, don fatar ta kama jiki, tsinin hannayen ya nannaɗe. Ana soka tsinke a gindin hannu, inda ya fi kauri. Idan ya shige, a kashe wuta a bar shi cikin ruwansa kamar minti 15. Lamarin kamar dahuwar ganda ne: ka sauke da wuri ka ci roba, ka wuce lokaci ya zama yauƙi. Sai a kai obin mai zafin digiri 200 na minti 15 zuwa 20, da mai kamar kofi guda da tafarnuwa a farfashe. Dankalin da ɓawonsa ake gasawa, a ba kowanne ɗan naushi ya tsage don ya sha mai. Kurakuran duk suna bayyana a faranti. Fata ta saɓule, kofuna sun zube: an tafasa da ƙarfi ko an daɗe. Waje ya bushe, tsakiya da sanyi: dafaffen leda ne aka ɗumama. Tafarnuwa ta yi baƙi tana ɗaci: wuta ta yi yawa. Ruwa-ruwa a ƙarƙashin mai: an kumbura naman da ruwa a masana'anta.

A nan tsofaffin girke-girke ke zama ma'auni. Gidan da ke dafa oktofas da kansa yana da ruwan dahuwa, jajaye mai ƙamshin teku, kuma ba mai hankalin da zai zubar. Da shi ake arroz de polvo, shinkafar carolino mai romo-romo da ake kawowa cikin tukunyarta. A Porto ana yin filetes de polvo, hannu a tsaga, a tsoma a fulawa da ƙwai a soya, a haɗa da shinkafar da aka dafa da ruwansa. Idan ka ga waɗannan a allon abincin ranar, alama ce mai ƙarfi cewa ɗanye suke saye. Gidan da lagareiro kaɗai gare shi, da hotuna a ƙofa da mai kiran baƙi a titi, irin na titin Rua Augusta na Lisbon da kewayensa, ba ya ba ka wannan tabbaci. Ƙananan gidajen unguwa da ake kira tasca sun fi, haka Matosinhos, wadda jirgin cikin gari ke kaiwa daga Porto, inda gidajen Rua Heróis de França ke fuskantar wajen gwanjon kifi. Ka tambayi girman dose, wato yawan abincin oda ɗaya, domin a arewa cikakke yakan ishi mutum biyu, rabi kuma ana ce masa meia dose. Ɗan farantin salak ɗin oktofas da ake ajiye maka tare da burodi ba kyauta ba ne. Dokar 2015 ta ce ba a cajin abin da ba ka nema ba, amma da zarar ka taɓa ya shiga lissafi.

Ga Musulmi, mazhabar Malikiyya ta halatta duk abin da ke rayuwa a teku, Hanafiyya kuwa ta tsaya a kan kifi. Matsalar ta fi yawa a kayan haɗi. Dafaffen oktofas na tsibiran Azores da jar giya ake yinsa, ita ce ma ruwan miyar. Shinkafar takan samu ɗan kofin giya wajen soya albasa, feijoada de polvo ta Algarve, wadda ake yi da wake, sau da yawa tana ɗauke da tsiran alade. Lagareiro da salak, mai albasa da binega da man zaitun, su ne suka fi tsira daga wannan, ko da yake wasu kan yayyafa farar giya a tiren gashi. Tambayoyi biyu sun isa kafin a rubuta oda: leva vinho, ko da giya, da leva chouriço, ko da tsiran alade.