Ina waɗanda ba su taɓa biya ba suka shige a jerin masu bashi?

Akwai ƙa'ida a aikin ma'ajiyar bayanai da ya kamata duk mai rubuta wa 'yan kasuwa manhaja ya riƙe ta da kyau: jerantawa ba ta da hurumin ƙara mutum ko rage shi. Aikinta kawai ta faɗi wa ke gaba, wa ke baya. Idan mutum 200 ne a ma'ajiya, ka ce a jero maka su, sai aka miƙo 170 ko 260, to ɓarnar ta faru ne tun wurin haɗa jadawali, kafin a zo kan jeri.

Mu ɗauki dila a Kantin Kwari da ke ba da atamfa da shadda bashi ga masu sari daga Katsina, Zinder da Maraɗi. Manhajarsa na da jadawali biyu. Ɗaya na abokan ciniki, kowa da lambarsa da sunansa. Ɗaya na biya, inda ake shigar da kowane kuɗi da ya shigo tare da ranarsa. Alhaji ya ce wa yaron da ke kula da kwamfuta: "Fito mini da su, wanda ya fi daɗewa bai kawo komai ba shi ne a sama, zan bi su da waya." Ranar biya tana jadawali na biyu, saboda haka dole a haɗa jadawalan kafin a jera.

A yaren SQL, wanda da shi ake ba ma'ajiyar bayanai umarni, idan ka rubuta JOIN (umarnin haɗa jadawali) kawai, ko INNER JOIN, ma'ajiya za ta dawo da wanda ke da layi a ɓangarorin biyu ne kaɗai. Wanda ya karɓi dila guda na atamfa tun kafin azumi bai taɓa kawo ko sisi ba, ba shi da layi a jadawalin biya, don haka ya fita daga jerin gaba ɗaya. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, jerin zai fito tsaf, Alhaji ya bi shi da waya har ƙasa, alhali mutanen da suka fi cancanta a kira ba sa ciki. Wannan ne ya sa lamarin ke damuna, domin kuskure ne da ba ya nuna kansa, kuma dukiyar mutane ce ke tafiya a cikinsa.

LEFT JOIN, wanda cikakken sunansa LEFT OUTER JOIN, shi ne gyaran. Ya shiga ƙa'idar SQL a bugun 1992. Yana riƙe kowane layi na jadawalin hagu, wato wanda aka fara ambata a umarnin (a nan na abokan ciniki), ko ya samu abokin haɗi ko bai samu ba, kamar kiran suna a Islamiyya, inda wanda bai zo ba ma ana kiransa a bar gurbinsa fayau. Wannan gurbin da ba komai shi ake kira NULL. Ba sifili ba ne, ba kuma rana ce ta can baya ba. Ma'anarsa babu bayani. Shi ya sa ba a gwada shi da alamar daidai, sai dai a rubuta IS NULL.

To, mutanen sun dawo cikin jeri. Saura a ina za su tsaya, sama ko ƙasa? A nan ƙa'idar SQL ta bar wa kowane kamfani zaɓi. Abin da ta shar'anta kawai shi ne a ɗauki NULL ko dai sama da kowace ƙima ko ƙasa da kowace ƙima, kada a warwatsa su a tsakiya. Manhajojin ma'ajiya irin su PostgreSQL da Oracle sun ɗauke shi a matsayin mafi girma, don haka idan aka jera daga ƙarami zuwa babba yana zuwa ƙarshe. MySQL da SQL Server da SQLite sun ɗauke shi mafi ƙanƙanta, yana zuwa farko. Umarni ɗaya, harafi bai canza ba, amma a MySQL waɗanda ba su taɓa biya ba su ne a saman allo, a PostgreSQL kuma suna can ƙasa. Idan manhajar tana nuna mutum 20 a kowane shafi, sun tafi shafi na goma, wanda Alhaji ba zai kai gare shi ba kafin a kira la'asar. Matashin da ya gwada aikinsa a MySQL a kan kwamfutarsa, daga baya aka mayar da ma'ajiyar PostgreSQL, zai iya rantsuwa bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa.

Mafita ita ce ka faɗi wurin da kake so da bakinka. Bugun 2003 na ƙa'idar ya kawo NULLS FIRST da NULLS LAST. PostgreSQL ya karɓe su tun sigar 8.3 a 2008, SQLite kuma a sigar 3.30 a 2019. Ga yadda umarnin Alhaji zai kasance:

SELECT a.suna, MAX(b.rana) AS biyan_karshe
FROM abokan_ciniki a
LEFT JOIN biya b ON b.lambar_aboki = a.lamba
GROUP BY a.lamba, a.suna
ORDER BY biyan_karshe NULLS FIRST, a.lamba;

MySQL bai san NULLS FIRST ba. A can ana rubuta ORDER BY MAX(b.rana) IS NULL DESC, sannan ranar ta biyo baya. Wannan salon ya fi aminci ga mai rubuta manhajar waya ma, domin Android na zuwa da SQLite a cikinsa, kuma tsofaffin wayoyin da ke yawo a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da yawansu na ɗauke da sigar da ta girmi 3.30. A SQL Server kuwa sai a bi ta CASE, wato a ba layin da ke da NULL wata lamba, sauran wata, a jera da ita.

Ka lura da MAX da GROUP BY a umarnin: GROUP BY na tattara layukan kowane mutum su zama ɗaya, MAX kuma na ɗauko ranar biyansa na ƙarshe. Da ba su, wanda ya biya sau biyar zai fito sau biyar, tunda kowane biya layi ne mai zaman kansa. Ta nan 200 ke komawa 260. Masu aiki da Django, kayan gina manhajar yanar gizo, su kula musamman, domin takardun Django da kansu sun yi gargaɗin cewa jerantawa da bayanin da ke jadawali mai layuka da yawa na iya maimaita sakamako. Lambar da ke ƙarshen ORDER BY ita ma da aikinta: mutum 30 da duk ranarsu NULL ce sun yi kunnen doki, ma'ajiya kuma ba ta yi alƙawarin jera su iri ɗaya kowane lokaci ba. In ba a raba gardamar da lamba ba, mutum na iya fitowa a shafi na ɗaya da na biyu, wani kuma ya faɗa tsakani ba a gan shi ba.

Tarkon da ya fi kama ƙwararru yana cikin WHERE, sashen umarnin da ke tace layuka. A ce Alhaji ya ƙara da cewa biyan bana kawai yake so a duba. Sai yaro ya rubuta LEFT JOIN daidai, ya zo ƙasa ya sa WHERE b.rana ta kai farkon shekara. Ma'ajiya tana gama haɗi ne tukuna ta tace da WHERE, kuma NULL ba ya cin wannan gwajin, saboda ba a san ko ya kai ko bai kai ba. Duk layukan da LEFT JOIN ya ceto sai su zube, a koma INNER JOIN ba da niyya ba. Sharaɗin da ya shafi jadawalin dama wurinsa cikin ON, kusa da lambar haɗi. A can yana rage biyan da za a haɗo ne, ba ya taɓa abokan ciniki.

Haka wajen ƙirga. COUNT(*) zai ba wanda bai taɓa biya ba 1, domin layinsa yana nan ko da fayau ne. COUNT(b.rana) ne zai ba shi 0. Jimillar kuɗinsa da SUM kuma NULL za ta fito, kuma idan ka cire NULL daga bashin da ake bin sa, amsar ma NULL ce, sai gurbin bashinsa ya fito babu komai kamar ba a bin sa. A nan COALESCE, mai maye gurbin NULL da ƙimar da ka zaɓa, ke mayar da jimillar sifili, kuma ya dace, tunda wanda bai biya ba sifili ya biya. Amma ban yarda a cusa wa gurbin rana wata tsohuwar rana ta ƙarya don jeri ya yi kyau ba, domin wata rana za ta fito a takardar da aka miƙa wa abokin ciniki.

Kafin ka miƙa aikin, shigar da abokin ciniki ɗaya na gwaji wanda ba shi da biya ko ɗaya, da wani mai biya uku. Ƙirga layukan kafin haɗi da bayan jeri. Na farko ya fito a inda Alhaji ya ce, na biyu ya fito sau ɗaya, adadin kuma ya zo daidai da na jadawalin abokan ciniki.