Dokar Perkins: kuɗin koyar da sana'a a sakandaren Amurka da igiyar da ke jikinsu

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane kafin ya shiga maganar nan, gwamnatin tarayya a Amurka ba ita ke riƙe da makarantu ba. Jihohi ne da hukumomin ilimi na gundumomi ke gina makaranta, su ɗauki malami, su tsara abin da za a koyar. To idan Washington tana son a koya wa yara walda ko kanikanci ko aikin jinya ko haɗa manhajar kwamfuta tun suna sakandare, ba ta da bakin ba da umarni, sai dai ta ɗaga kuɗi sama ta ce mai so ya zo ya karɓa, amma fa ga sharuɗɗa. Dokar Perkins kenan in ka cire mata ado. Kuɗi ne da igiya a jiki, kuma duk abin da za a fassara a dokar, igiyar ce.

Abin ya daɗe. Tun 1917 majalisarsu ta yi dokar Smith-Hughes wadda ta fara ware kuɗin tarayya don koyar da noma da sana'o'in masana'antu da aikin kula da gida a sakandare, aka sake yin wata babba a 1963, sannan a 1984 aka laƙaba wa dokar sunan Carl D. Perkins, ɗan majalisar wakilai daga jihar Kentucky wanda ya shugabanci kwamitin ilimi da ƙwadago tun 1967 har ya rasu a wannan shekarar ta 1984. An sabunta ta a 1990, 1998, 2006, sai ta yanzu da ake kira Perkins ta biyar, wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 31 ga Yulin 2018, ta fara aiki ran 1 ga Yulin 2019.

A sabuntawar 2006 ne suka canja wa abin suna gaba ɗaya, suka bar tsohon sunan da ke nufin koyon sana'ar hannu, suka koma kiransa ilimin sana'a da fasaha, wanda suke taƙaitawa da CTE. Kar ka ɗauka sauya suna ne kawai don gayu. Tsohon sunan ya riga ya yi wari, saboda shekara da shekaru ajin sana'a shi ne inda ake zubar da yaran da makaranta ta yanke wa ƙauna, kuma in ka leƙa ajin yawanci 'ya'yan talakawa za ka gani da baƙar fata da yara masu naƙasa, su kuma 'ya'yan masu hali ana shirya su shiga jami'a. Yaro ɗan shekara sha huɗu an riga an yanke masa inda rayuwarsa za ta tsaya ba tare da an tambaye shi ba. Ka riƙe wannan tarihin a ranka, don da yawa daga cikin sharuɗɗan da ke cikin dokar yau tsoron maimaita shi ne ya haife su.

Yanzu kuɗin. A 'yan shekarun nan abin da ake rabawa jihohi ya kai wajen dala biliyan 1.4 a shekara, ana duba yawan jama'ar jiha, musamman matasa, da kuma ƙarfin samun mutanenta. In ka ji biliyan sai ka ce kai, amma ka raba shi ga jihohi 50 da yankuna da dubban gundumomi da kwalejoji, za ka ga cikin cokali ne, yawancin kuɗin koyar da sana'a daga aljihun jiha da gunduma yake fitowa. Idan kuɗin suka iso jiha, dole aƙalla kashi 85 cikin ɗari su gangara ƙasa wurin makarantu da kwalejoji. Jiha na iya riƙe har kashi 10 don ayyukan jagoranci irin horar da malamai, sai kashi 5 na gudanarwa, shi ma wannan na gudanarwar sai jihar ta ajiye dala ɗaya tata kan kowace dalar tarayya. A ce jiha ta samu miliyan 20, to miliyan 17 ba nata ba ne, wucewa kawai za su yi ta hannunta. Ita jihar ce ke yanke nawa za a ba sakandare nawa za a ba kwalejojin gaba da sakandare, shi ya sa za ka tarar wata jiha ta karkata can wata ta karkata nan.

Rabon da ake wa gundumomin sakandare kuwa shi ne ya fi burge ni. Kashi 30 ne kawai ake rabawa bisa yawan yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da ke gundumar, sauran kashi 70 bisa yawan yaran da iyayensu ke cikin talauci. Wato gunduma biyu masu yara daidai wa daida, wadda ta fi talakawa za ta kwashi kaso mafi tsoka nesa ba kusa ba. Sannan in lissafi ya nuna rabon gunduma bai kai dala 15,000 ba, ba za a miƙa mata ita kaɗai ba, sai ta haɗa kai da maƙwabta su nema tare, kodayake jiha na iya ɗaga ƙafa ga wasu gundumomin karkara da ba su da wanda za su haɗu da shi. Hikimar a fili take, dala dubu biyar ba za ta buɗe ajin walda ba. A ɓangaren kwalejoji iyakar dala 50,000 ce, kuma su da yawan ɗaliban da ke karɓar tallafin Pell na marasa ƙarfi ake auna su.

To me za ka yi kafin a ba ka? Nan ne Perkins ta biyar ta zo da sabon abu. Duk gundumar da ke son kuɗin sai ta zauna ta yi binciken buƙatun yankinta, kuma ta sabunta shi aƙalla duk shekara biyu. Ba shugaban makaranta zai kulle ofis ya rubuta ba, doka ta lissafa waɗanda dole a ji ta bakinsu: malamai, masu ba yara shawara, kwalejoji, kamfanoni da masu ɗaukar ma'aikata na yankin, hukumomin ƙwadago, iyaye, su kansu ɗaliban, masu kula da yaran da ba su da matsuguni ko suka bar makaranta, da ƙabilun asalin Amurka inda suke. Tambayar da ake so a amsa mai sauƙi ce amma tana da ciwo, abin da kuke koyarwa akwai aikinsa kuwa? Don abin da yake faruwa a makarantu kowa ya san shi, ana ci gaba da koyar da wani darasi ne saboda malaminsa yana nan kuma kayan aikin suna nan, ko da masana'antar ta rufe tun tuni, alhali asibitin garin yana neman ma'aikata ruwa a jallo. Yanzu doka ta ce kashe kuɗin dole ya biyo abin da binciken ya nuna. Ko ana yin binciken da gaske ko ana cike takarda ne kawai a wuce wurin, wannan kuma ya danganta da mutanen da ke zaune a ɗakin.

Bayan haka kowace gunduma sai ta samar da aƙalla tsarin karatu guda ɗaya cikakke, ba darasi ɗaya tilo da yaro zai taɓa ya bari ba. Jerin darussa ne da ke hawa mataki-mataki, daga gabatarwa zuwa ƙwarewa, an haɗa karatun boko da aikin hannu, ya tsallaka daga sakandare zuwa kwaleji ba tare da an maimaita wa yaro abin da ya riga ya yi ba, kuma ƙarshensa satifiket ne ko lasisi ko digiri da masu ɗaukar aiki suka yarda da shi. Misali yarinya ta fara da gabatarwa kan aikin lafiya, ta wuce darasin sassan jiki, ta yi horo a asibiti, ta fito da shaidar mataimakiyar nas tun kafin ta gama sakandare, in ta shiga kwaleji kuma a lissafa mata wasu makin da ta riga ta tara.

Maganar ƙananan aji kuwa, da can ba a yarda a kashe kuɗin Perkins kan yaron da bai kai aji 7 ba, dokar 2018 ta sauko da shi zuwa aji 5, wato yara 'yan wajen shekara goma zuwa sha ɗaya. Wasu na jin haka sai gabansu ya faɗi, su ce to an dawo gidan jiya, za a fara ware yara tun suna ƙanana. Amma abin da ake yi a wannan matakin yawanci leƙe ne, a nuna wa yaro ayyukan da ke duniya, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya san akwai mai gyaran injin jirgin sama akwai mai zanen gini, don in ya shiga aji 9, wato farkon babbar sakandare, ya zaɓi darasi da idonsa a buɗe. Kuma jiha ba dole ne ta sauko har aji 5 ba, dama ce aka ba ta.

Ga kuma shingen da na ce tarihi ya haifa. Akwai sashe a dokar da ya ce ƙarara ba za a yi amfani da ko sisin kuɗin nan wajen tilasta wa ɗalibin sakandare ya zaɓi wata hanyar sana'a ba, kuma ba za a tilasta wa kowa shiga shirin ba. Gajeren sashe ne, layi kaɗan, amma a ganina shi ne zuciyar dokar. Iyayen da makaranta ta ce musu ai ɗanku ajin sana'a ya dace da shi, su sani ba a yarda a yi amfani da kuɗin Perkins a tilasta masa ba.

Sai awo. Doka ta ce ɗalibin sakandare da ya kammala aƙalla darasi biyu a tsarin sana'a guda, shi ne za a ƙirga a matsayin wanda ya duƙufa, kuma a kansu ake auna jiha. Ana duba nawa suka gama sakandare cikin shekara huɗu, yaya suke a karatu da lissafi da kimiyya, sannan a zango na biyu na wata uku-uku bayan sun fita ina suke, kwaleji, aiki, soja, horo, ko aikin hidimar ƙasa. Ka lura da lissafi da kimiyyar nan, da gangan aka sa su, don kar makaranta ta ce ai wannan makanike zai zama, me zai yi da lissafi. Jiha kuma za ta zaɓi aƙalla ɗaya cikin ma'auni uku na inganci: yawan waɗanda suka fita da satifiket, ko suka tara makin kwaleji, ko suka yi horo a wurin aiki na gaske.

Akwai ma'auni ɗaya da yake ba mutane mamaki, na sana'ar da jinsi ɗaya bai kai kashi 25 na masu yinta ba. Mace a walda ko wayarin, namiji a aikin jinya ko renon yara. Dole jiha ta ƙirga su, kuma cikin kuɗin jagorancinta sai ta ware tsakanin dala 60,000 zuwa 150,000 don wannan kaɗai. Sannan duk alƙaluman nan ba a dunƙule ake kawo su ba, sai an rarraba su bisa jinsi da launin fata da rukunonin da doka ta ce a sa wa ido: masu naƙasa, 'ya'yan marasa ƙarfi, masu renon yara su kaɗai har da mata masu ciki marasa miji, masu koyon Turanci, marasa matsuguni, yaran da ke hannun riƙon gwamnati ko suka girma a ciki, waɗanda suka daɗe ba sa aiki, da yaran da mahaifinsu ko mahaifiyarsu ke bakin aikin soja. Amfanin rarrabawar shi ne gunduma ba za ta ɓuya a bayan matsakaicin maki mai kyau ba alhali ajin kwamfuta cike yake da wasu irin yara, ajin da ba shi da makoma kuma cike da wasu.

Inda nake ganin dokar ta yi sako-sako shi ne wajen hukunci. A ƙarƙashin ta 2006 jiha sai ta yi ciniki da ma'aikatar ilimi ta tarayya kan matakin da za ta cim ma. A ta 2018 an bar wa jihar ta saka wa kanta mataki, bayan ta tuntuɓi masu ruwa da tsaki ta kuma ba jama'a damar yin sharhi. Idan ta kasa kai kashi 90 na abin da ta saka wa kanta, sai ta rubuta tsarin gyara, in ta ci gaba da kasawa shekara biyu a jere bayan haka, ko ta ƙi aiwatar da gyaran, sakataren ilimi, wato ministan ilimi na tarayya, yana iya riƙe kuɗin bayan an ba ta damar kare kanta. Yana iya, ba dole ba. Gaskiya in ɗalibi ne zai faɗi makin da za a ce ya ci jarrabawa, ba sai an tambaya ba ka san ba zai ɗaga shi har inda zai sha wuya ba. Dokar ta ce dai matakin sai ya nuna ana ci gaba, ba a tsaye wuri ɗaya ba, wannan ne ɗan birkin da aka sa.

Sharaɗin da ya fi cizo a aikace wani ne daban, wanda ya ce kuɗin tarayya ƙari ne, ba madadi ba. Gundumar da ta saba biyan albashin malamin kafinta daga aljihunta ba za ta wayi gari ta ɗora shi kan Perkins ta kwashe nata kuɗin ta kai filin ƙwallo ba. Ita ma jihar ba a yarda ta zaftare abin da take kashewa kan CTE don ta ga na tarayya ya shigo ba, in ta zaftare ana rage mata rabonta. Kuma daga cikin abin da gunduma ta karɓa, kashi 5 kacal za ta iya kashewa kan harkar ofis, sauran sai dai su tafi kan shirin kansa, abubuwa irin su kayan aiki, horar da malamai, ba yara shawara, ko taimaka wa ƙungiyoyin ɗalibai irin FFA ta masu noma, wadda aka kafa tun 1928, da SkillsUSA ta masu koyon sana'o'in hannu da fasaha, da HOSA ta masu koyon aikin lafiya.