Kifin Moorish idol: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ya ga kifin nan sau ɗaya sai ya zo mini da tambaya, kuma kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne. Ga su nan na tattara da amsoshinsu. Wanda ya sake tambayata ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

In saya?

A'a.

Haba Malam, ko dalili babu?

Dalilin shi ne mutuwa yake yi. Cikin kifayen ruwan gishiri da ake sayarwa don ado, yana sahun gaba a wuyar riƙo, kuma ba ni kaɗai na faɗa ba, duk wanda ya daɗe a harkar nan haka zai gaya maka. Da yawa ba sa wuce makonnin farko. Waɗanda suka wuce kuma, wasu sai sun yi wata shida ko takwas suna ci suna yawo, mai su har ya fara yi wa mutane fankama, sannan wata safiya ya tashi ya tarar da abinsa kwance a kan yashi. In kai sabon shiga ne, tankinka bai yi shekara ba, to ajiye kuɗinka.

Shi ne wanda ke cikin Finding Nemo?

Shi ne Gill, mai tabo a fuska, a fim ɗin 2003. Nemo kansa wani kifi ne daban, mai sauƙin kiwo. In yara ne suka matsa maka, saya musu irin Nemo a zauna lafiya.

Me ya sa ake ce masa "idol"? Ba gunki ke nan ba?

Suna ne kawai, Alhaji, ba wanda ke bauta masa. Ana dai ba da labarin cewa mutanen Arewacin Afirka da Turawa ke kira Moors sun ɗauke shi kifi mai kawo farin ciki, daga nan sunan ya bi shi. Sunansa na ilimi Zanclus cornutus. Kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin lauje, saboda doguwar farar tutar nan ta bayansa mai lanƙwasa. Ta biyun tana nufin mai ƙaho, don in ya girma wasu 'yan ƙahoni biyu na fito masa a saman idanu. Masanin halittu Linnaeus ne ya fara rubuta bayaninsa a 1758. A Hawai kihikihi suke ce masa. Shi kaɗai ya rage a danginsa, makusantansa su ne kifayen tang, wasu kifayen teku da su ma ake kiwo don ado, sai dai shi ba shi da wuƙar nan da suke da ita a gindin wutsiya.

Wane irin tanki yake bukata?

Babba, kuma dogo. Kifi ne da ke kaiwa santimita 23, kuma a teku yini yake yana zagaye duwatsun murjani yana tsince-tsince, ba ya zama wuri ɗaya. Ni ba na saurarar maganar abin da bai kai lita 500 ba, kuma tsawon ya fi zurfin muhimmanci. Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60 yana cin kusan lita 650. Ruwan kaɗai ya haura kilo 600, ban da gilashi da duwatsu, saboda haka kada ka ɗora shi a kan teburin falo ka zo kana ba ni labari.

Kuma tankin ya zama tsoho. Ina nufin wanda ya yi aƙalla shekara yana aiki, duwatsun cikinsa sun yi rai, in ka ɗaga ɗaya ka ga ƙarƙashinsa ya yi dabbare-dabbare da soson teku (wata halitta da ke manne a jikin dutse), fari da rawaya. Wannan ne gonarsa. Sabon tanki mai farin dutse ƙal, gare shi hamada ne.

Ruwan fa?

Nauyin gishiri 1.023 zuwa 1.025, wato wajen giram 35 na gishirin a kowace lita. Zafi digiri 24 zuwa 27. Ma'aunin pH 8.1 zuwa 8.4. Amoniya da nitirait, gubar da dattin kifi ke haifarwa a ruwa, sifili. Ruwan da aka tace da injin RO, mai cire datti da sinadarai daga ruwa, ba na rijiya ko na 'yan garuwa ba. In ruwa ya ragu saboda tururi, da ruwan daɗi ake cikawa, don gishirin yana nan bai tafi ko'ina ba.

Gishirin girki zai yi?

Ba zai yi ba. Kar ka sake tambaya.

Na riga na saya. Yau kwana biyar bai ci komai ba. Yaya zan yi?

To, ga inda magana take. Zan faɗi abin da nake yi, amma ka sani tun yanzu ba ni da tabbas da zan ba ka, kuma duk wanda ya ce yana da shi ka yi hattara da shi.

Ka fara fahimtar me yake ci a gidansu. A teku, daga gaɓar Kenya da Tanzaniya har Japan da Hawai da gaɓar yammacin nahiyar Amurka, yawancin abincinsa soson teku ne, sai wasu ƙananan halittu da ke manne a jikin dutse, da ɗan gansakuka. Dogon bakin nan nasa mai kama da hantsaki an yi shi ne don zura shi cikin tsagar dutse. Haƙoransa siriri ne kamar na buroshi. Ma'ana bai san abinci yana yawo a cikin ruwa ba. Kai kana zuba masa daga sama, yana kallon abin yana wucewa ta gaban hancinsa, a wurinsa shara ce. Saboda haka dabara ta farko ita ce ka manna abincin a jikin wani abu.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne kumba ta ruwan gishiri, ɗanya. Ka sa ta a firiza ta ƙanƙare na 'yan kwanaki, ka fito da ita, ka buɗe ta gida biyu, ka ajiye ɓarin da ke da naman a kan yashi kusa da inda yake yawan ɓuya. Sai ka ja da baya. Ka bar gaban gilashin, ka kori yara, ka rage fitila. Nawa na farko da ya ci, daga bakin ƙofa nake leƙensa: ya zagaya kumbar ya fi sau goma, yana karkata jiki yana dubanta da ido ɗaya, tutar bayansa tana binsa kamar jelar rawani, sannan ya kai baki sau ɗaya ya fizga ya gudu. Bayan minti biyu ya dawo. Ranar ban iya cin tuwon dare ba don murna. In awa biyu ta wuce bai taɓa ba, cire ta, kar ta ruɓe ta ɓata maka ruwa, gobe ka sake.

In kumba ta ƙi, ka gwada dutse mai rai da soso a jikinsa, daga wani tankin mai lafiya. Amma fa ka ɗauko shi cikin bokiti, nutse a ruwa, don soso in ya sha iska yakan mutu, mataccen soso kuma guba ne a tanki. Wasu kan niƙa jatan lande da naman kumba da ganyen nori (busasshen ganyen teku) su shafa a tsagar wani dutse, su ƙanƙarar da shi, sannan su saka. Na ga ya yi aiki, na kuma ga ya ƙi. Wasu na rantsuwa da ruwan tafarnuwa. Ni ban ga abin da ya canza ba, amma ban hana ka ba.

Wani abin kuma da mutane ba sa kawowa a rai: wani lokaci ba abincin ba ne matsalar, maƙwabta ne. In akwai babban tang ko wani mafaɗacin kifi da ke korarsa duk lokacin da ya leƙo, ba zai ci ba ko me ka kawo. Akasin haka ma yakan faru, ya ga wani kifi mai sanyin hali yana ci sai ya kwaikwaya. Shi ya sa nake rasa amsa guda in aka tambaye ni ko a bar shi shi kaɗai. Ya danganta da wanda ke cikin tankin, ya danganta da halin shi kifin.

Sannan ka dubi bakinsa da kyau. In ya goge a jikin leda ko raga wajen jigila, ya yi ja ko ya yi fari-fari kamar auduga, to ciwo ne ya hana shi, kuma wannan sau da yawa ba a dawowa daga gare shi. Haka in da sayanayid aka kama shi, gubar da wasu masunta a Filifin da Indonesiya ke fesawa cikin murjani don kifi ya suma su ɗauka. Haramun ne a dokar ƙasashen, amma ba a daina ba. Irin wannan kifin launinsa na iya yin kyau, har ya ci abinci, alhali cikinsa ya riga ya lalace. Wannan ba laifinka ba ne, kuma ba abin da za ka iya yi.

Kwana biyar dai ba ƙarshen duniya ba ne, kwantar da hankalinka. In jikinsa a cike yake, yana zagaye yana caccakar dutse, akwai sauran fata. Inda nake fara karaya shi ne in naman da ke saman idanunsa, bayan kai, ya lotsa, cikinsa ya shafe kamar an matse da yatsu biyu. In ya kai nan, da wuya.

Nawa yana ci sosai! Na tsira ke nan?

Ba ka tsira ba, Hajiya ma da ta faɗa mini haka bara ba ta tsira ba. Me yake ci? In ƙananan jatan landen da ake kira brine ne kaɗai, to ruwa yake ci, ba abin da ke ciki. Ci daban, ƙoshi daban. Da zarar ya saba da kumba, ka fara cusa wasu abubuwan cikin ɓawon: jatan landen mysis, abincin ƙanƙara da ake haɗa wa kifin angel wanda ke da soson teku a ciki (Hikari da Ocean Nutrition duk suna yi), da ƙananan ƙwayoyi irin na New Life Spectrum. Ka rataya masa nori a jikin gilashi. Burinka ya karɓi ƙwayoyin, don su ne za ka iya ba shi kullum ba fashi.

Kuma kaɗan-kaɗan, sau uku zuwa biyar a rana. Ba kifin da za a watsa wa abinci da safe a tafi kasuwa sai magariba ba ne. Yawan ciyarwa kuma yawan datti ne, wato injin tace kumfa mai ƙarfi da canjin ruwa a kai a kai. Ka ga yadda abu ke jan abu.

Zai ci mini murjani?

Mai yiwuwa ƙwarai. Murjani mai rai irin zoanthid da masu nama-nama da leɓen manyan kumba su ya fi taɓawa. Zaɓi ɗaya.

In sayi biyu don kada ya yi kaɗaici?

Ɗaya ma ya gagare ka. A teku ana ganinsu bibbiyu ko garke, amma a tanki sau da yawa ɗaya kan juya wa ɗayan, ya hana shi ci har ya mutu.

In aka ɗauke wuta fa?

Wannan ya kamata ka fara tambaya kafin launi da suna. Kifi ne na ruwa mai motsi da iska da yawa. Famfo ya tsaya na 'yan awoyi cikin zafi, iskar ruwan ta ragu, shi ne na farkon da za ka gani yana haki a sama. In kana Kano ko Sakkwato ko Maradi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, injin sanyaya ruwa dole ne, fanka kaɗai ba za ta riƙe maka 27 ba. Kuma inbata ko sola mai ɗaukar famfunan da kanta ba sai an tashi an kunna ba. Janareto yana jiran mutum, mutum kuma yana barci. Ni na yi asarar kifi a dare ɗaya ta haka, ba na son tuna shi.

Ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri.

Ƙwayar cutar Cryptocaryon ce, kuma tana saurin kama shi. Da ka killace shi wata guda a wani tanki kafin ka haɗa shi da sauran, da yanzu kifi ɗaya kake jinya. Maganin jan ƙarfe yana kashe cutar, amma ba a zuba shi a tankin da ke da murjani da dutse mai rai, sai an auna shi kullum, kuma yakan daƙushe wa kifin cin abinci, wanda da ma da ƙyar aka samu. Tankin killacewar ma matsala ne gare shi, tunda ba dutsen da zai tsinta. Ni nakan sa masa dutse ɗaya mai soso da na riga na sallama, in magani ya zama dole sai in cire.

Na ji duk wannan, amma sai na saya. Me zan duba a shago?

Na san za ka faɗi haka. Ka ce a ba shi abinci a gabanka, ka ga ya haɗiye, ba ya tauna ya tofar ba. In mai shago ya ce "yanzun nan ya ci", ka ce za ka dawo gobe. Ni an taɓa yi mini wannan, na yarda, kwana tara kifin ya yi. Ka tambayi yaushe ya iso, ka fi son wanda ya yi mako biyu a wurinsu. Matsakaici, santimita 8 zuwa 12, ya fi babba saurin sabo. Baki lafiya, ido garau, bayan kai a cike. Tutar in ta gutsure ba komai, tana sake tsirowa. Kuma ka tuna kusan duk wanda ka gani a kasuwa daga teku aka ɗebo shi, ba a gona aka ƙyanƙyashe shi ba.

Ba wani mai kama da shi da ya fi sauƙi?

Akwai, kuma da shi ya kamata mu fara. Heniochus, wanda 'yan harkar ke yi wa laƙabi da Moorish idol ɗin talaka. Fari da baƙi, da doguwar tuta, yana cin kusan duk abin da ka zuba. Bambancin da za ka gane su da shi: wutsiyar Heniochus rawaya ce, ta Moorish idol baƙa, kuma shi na ainihin yana da ɗan sirdi ruwan lemo a kan hanci. Cikin ire-irensa, Heniochus diphreutes ya fi Heniochus acuminatus barin murjani lafiya.

Amma ai ba shi ba ne.

Baƙin da ke zuwa falonka ba wanda zai gane.