Ƙauna Mai Tsarki da Ƙaunar Duniya (zanen Titian)

Ƙauna Mai Tsarki da Ƙaunar Duniya zane ne na fentin mai a kan zanen yadi, wanda Tiziano Vecellio, da aka fi sani da Titian, ya yi a birnin Benis na Italiya wajejen shekarar 1514, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Tsayinsa santimita 118, faɗinsa 279. Yau yana rataye a gidan adana zane na Borghese da ke Rum. Masu nazarin yadda tsofaffin masu zane na Turai suka ɗauki mace, jikinta da sha'awarta da abin da ke ɓoye a zuciyarta, ba kasafai suke tsallake shi ba.

Abin da ke cikin zanen

Mata biyu ne zaune a bakin wani akwatin gawa na dutse irin na tsoffin Rumawa, wanda aka mayar da shi kwamin ruwa. Fuskarsu ɗaya, gashinsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Ta hagu ta sha doguwar riga fara mai sheƙi da jan hannu, ta ɗaure ƙugu, ta sa safar hannu, a kanta akwai ganyen wani tsiro da Rumawa ke dangantawa da aure. Ta dafa wata tukunya mai murfi, idonta yana waje, ba ya kan abokiyar zamanta. Ta dama kusan tsirara take, sai ɗan farin ƙyalle a ƙugu da jan mayafi da iska ke kaɗawa a kafaɗarta. Ta ɗaga wata 'yar fitila sama, ta karkato tana duban mai rigar kamar za ta faɗa mata magana. A tsakaninsu Cupid, yaron nan mai fukafukai da ke wakiltar so a tatsuniyoyin Rumawa, ya tsoma hannu yana dama ruwan.

Bayan mai riga akwai ganuwa da hasumiya a kan tudu, da zomaye biyu. Bayan ɗayar kuwa fili ne buɗaɗɗe: tafki, makiyayi da tumakinsa, mafarauta a kan dawakai, da hasumiyar coci. A jikin dutsen an sassaƙa doki marar linzami da wani mutum da ake duka.

Asalinsa

Tambarin gidan Niccolò Aurelio, magatakardan Majalisar Mutum Goma ta Benis, yana jikin dutsen, shi ya sa masana suka karkata ga cewa shi ya sa aka yi zanen don aurensa da Laura Bagarotto, wata bazawara 'yar birnin Padua, a 1514. Auren na da ɗaci a bayansa. Mahaifinta Bertuccio Bagarotto, masanin shari'a, hukumar Benis ta rataye shi a 1509 bisa zargin cin amanar ƙasa, kuma ango ma'aikacin majalisar da ke kula da irin waɗannan shari'u ne. Wanda ya san wannan ba zai sake duban akwatin gawar da ruwa ke fita daga cikinsa da irin idon da ya saba ba.

Kadinal Scipione Borghese, babban limamin cocin Katolika, ya mallaki zanen a 1608. Sunan da aka san shi da shi ba Titian ya raɗa ba, sai a 1693 aka fara ganin irinsa a cikin lissafin kayan gidan Borghese, kusan shekara 180 bayan an gama aikin.

Wacce ce mai tsarkin?

Mai kallo na yau, da ganin farko, zai ce mai suturar ce ta Allah, tsirarar kuma ta duniya. Erwin Panofsky, masanin tarihin zane Bajamushe, ya juya hukuncin. A wurinsa duka biyun Venus ce, gunkiyar so ta Rumawa, bisa tsohon ra'ayin da ke cikin rubutun Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, cewa Venus biyu ce, ta sama da ta ƙasa, ra'ayin da masanin falsafa Marsilio Ficino ya farfaɗo da shi a Italiya a ƙarni na 15. A wannan tunanin gaskiya ba ta buƙatar ado, don haka tsirarar mai fitila ita ce ta sama, cocin ma a bayanta yake. Mai alharini da tukunya ita ce ta duniya.

Wasu masanan sun ga falsafar ta yi yawa a kan zanen biki. Charles Hope na cikin masu cewa mai rigar amarya ce cikin kayan aure, ɗayar kuma Venus ce ta zo tare da ɗanta tana rarrashinta ta saki jiki da mijinta.

Rona Goffen, Ba'amurkiya, a littafinta kan matan Titian na 1997, ta ɗauki kamannin fuskar da muhimmanci. Mace ɗaya ce a wurinta, aka nuna ta sau biyu: matar aure a idon jama'a, mai kamun kai da kunya, da ita dai wannan matar a ɗakin mijinta, mai jiki da sha'awa. Jama'ar Benis ta lokacin tana neman duka biyun daga matar kirki, kuma likitancin zamanin, bisa koyarwar Jalinus, tsohon likitan Girkawa, yana ganin jin daɗin mace na taimaka wa ɗaukar ciki.

Wannan fassarar ta fi zama daidai da abin da ido ke gani. Titian bai sa gaba tsakanin matan ba. Launukansu ma musaya suka yi: mai farar riga tana da ɗan ja a hannu, mai jan mayafi tana da ɗan fari a ƙugu. Ruwa ɗaya suke zaune a kai, yaron kuma gauraya shi yake yi. A al'adar zanen coci an saba raba mace gida biyu, Hauwa'u mai jawo faɗuwa a gefe, Maryam mai tsarki a gefe. Nan an haɗa kunya da sha'awa a fuska ɗaya, babu wadda aka la'anta.

Sai dai akwai abin da bai kamata a manta ba. Namiji ya yi zanen, namiji ya biya, kuma a gidansa aka rataye shi. Rabuwar da ake gani a cikin matar, wadda ake kira rabuwar zuciyarta, tana iya zama burin miji kawai: ta rufe a waje, ta buɗe gare shi. Dokin nan marar linzami da dukan da ke jikin dutsen, waɗanda masana da dama ke karantawa a matsayin horon sha'awar da ta wuce gona da iri, suna ƙasa da matan biyu daidai inda suke zaune. Mai farar rigar kuma ba ta waiwayi mai fitilar ba, hannunta yana nan a kan murfin tukunyar.