Waiwaye: Baƙar lakar Teksas da sababbin gidajen da ke darewa a kanta

A unguwannin da ke kewaye da birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka, idan zafin Agusta ya tsananta, ba shuke-shuke kaɗai ake yi wa ban-ruwa ba. Maigida kan zagaye gidansa da tiyo mai tsattsafo, taku ɗaya ko biyu daga jikin bango, ya buɗe famfo don ƙasar da ke riƙe da harsashin ginin ta sha. Kamfanonin gine-gine da kansu suke ba da wannan shawara. Wanda ya yi sakaci sai ya wayi gari ƙofa ta ƙi rufuwa, tayil ya fashe, tsaga ta bi layin bulo tana hawa daki-daki. Wani lokaci gidan ko fentinsa bai koɗe ba.

Daga kan iyakar Oklahoma har zuwa San Antoniyo akwai zirin baƙar laka, wadda a da ta yi wa jihar arzikin auduga. Duk wanda ya san firgin Borno, wajejen Dikwa da Ngala inda ake dasa masakwa, ya san irinta: da damina ta sha ruwa ta kumbura ta yi danƙo, da rani ta motse ta dare har ƙafar mutum na iya zurmawa. Haka take tun fil azal. Ginin da ake ɗora mata ne ya canja.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, galibin gidajen yankin na katako ne, a kan gajerun ginshiƙai, da sarari a ƙarƙashi. Idan ɓangare ɗaya ya sauka, kafinta ya rarrafa ya ɗaga shi da jak, ya cusa ɗan katako, shi ke nan. Bayan 1945 sojoji suka dawo gida, gwamnati ta tsaya musu wajen rancen sayen muhalli, kamfanoni suka shiga gina ɗaruruwan gidaje a lokaci guda. Hanya mafi sauri da araha ita ce a share fili, a binne bututun ruwa, a malala faifan kankare kai tsaye a kan ƙasa, a ɗora gida a lulluɓe shi da jan bulo. Katako na lanƙwasa, amma kankare da bulo ba su san wannan ba, sai dai su karye.

Ba za a ce injiniyoyi ba su sani ba. Tun 1938 hukumar madatsun ruwa ta tarayya ta gano cewa laka ce ta ɗaga harsashin wani babban bututun ƙarfe a aikin Owyhee da ke jihar Oregon. An yi taron masana kan matsalar a Kolorado a 1959, aka yi na ƙasa da ƙasa a jami'ar Texas A&M a 1965, sannan a 1968 aka fitar da ƙa'idojin zuba faifan gidaje don amfanin hukumar lamunin gidaje ta tarayya. A 1973 wasu injiniyoyi biyu, Jones da Holtz, suka ƙiyasta cewa ƙasa mai kumburi na jawo wa Amurka asarar kusan dala biliyan 2.3 a shekara, fiye da ninki biyu na ɓarnar ambaliya da guguwa da girgizar ƙasa a haɗe. Sai dai bala'in da ba ya kashe mutum nan take, ba a cika yi masa shela ba. A 1980 aka tsara hanyar lissafin faifan da ake zura wa igiyoyin ƙarfe, a ɗame su bayan kankaren ya kama jiki, kuma shi ne ya mamaye sababbin unguwannin jihar. Yana rage tsagewa, gaskiya ne, amma bai hana gida karkata.

To me ya sa sabon gida, wanda aka yi da lissafin zamani, yake shiga wannan hali? Domin ginin ne da kansa ke birkita damshin ƙasar. Da an rufe fili da kankare, tsakiyar ta daina ganin rana, damshi ya taru a can a hankali, gefuna kuwa suna jiƙewa suna bushewa da sauyin yanayi. Idan fari ya zo gefunan su janye, gida ya zauna a kan cibiyarsa, kusurwoyi su rataye. Idan ruwa ya yi yawa gefunan ne ke tasowa. Ga kuma bishiyar da aka sare kafin gini: shekara da shekaru tana tsotse ruwan wurin, da ta tafi sai lakar ta fara mayar da abin da ta rasa, tana kumbura ƙarƙashin falo har tsawon wasu shekaru. Sai cikon da ba a daddaɓe da kyau ba, da indararon da ke zuba a gindin bango, da fulawar da uwargida ta dasa a gefe guda tana shayarwa kullum alhali ɗayan gefen na ƙonewa. Tsohon gida ya riga ya sha wannan gwagwarmaya ya sami mazauni. Sabo yanzu ya fara.

Daga nan sana'ar gyara ta bunƙasa, musamman bayan fari irin na 2011. Ma'aikata kan haƙa ramuka a gindin bango, su riƙa tura guntayen kankare ko bututun ƙarfe cikin ƙasa da jak, nauyin gidan na danna su, har su ƙi shiga; sai a ɗaga faifan sannu-sannu ana duba awo. Wasu kan huda rami mai zurfi, su faɗaɗa gindinsa, su cika da rodi da kankare. Idan tsakiyar gida ce ta sauka, ko a fasa daɓen ɗaki ko a bi ta ƙarƙashi da rami. Matsalar ita ce, ginshiƙi na tallafe abin da ya sauka ne, ba ya danne abin da ya kumbura, kuma ɗaga faifai kan iya tsinka bututun da ke ƙasa, a koma gidan jiya. Shi ya sa injiniyan da ba ya sayar da ginshiƙi yake fara tambayar inda ruwa ke zuwa da inda yake tafiya. Mai kamfanin gyara kuwa, wanda jihar ba ta neman lasisi na musamman daga gare shi, da adadin ginshiƙai ake biyansa. Ba sai an yi dogon bayani ba.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta wa zai biya. Inshorar gida a Amurka ba ta ɗaukar motsin ƙasa. A 1998 kotun ƙolin Teksas ta yanke cewa idan yoyon bututu ne ya lalata harsashi, takardar inshorar da aka fi amfani da ita a lokacin ta haɗa da shi. Cikin 'yan shekaru kamfanonin inshorar suka sauya takardunsu, akasari abin ya koma ƙarin da ake saye daban. A 2003 jihar ta kafa hukumar sasanta masu gida da magina, masu gida suka yi ta kukan cewa ta magina ce, majalisa ta ƙi sabunta wa'adinta a 2009. A 2023 kuma aka rage wa'adin kai magini ƙara daga shekara 10 zuwa 6, muddin ya ba da garanti a rubuce. A ganina wannan ragi ya faɗa wa masu gidan laka fiye da kowa, tunda ciwonsu ba ya gaggawar bayyana.

Faransa, wadda ke da gidaje sama da miliyan 10 a kan irin wannan ƙasa, ta bi wata hanya. Tun 1989 take lissafa tsagewar gidaje saboda fari cikin bala'o'in da inshora ke biya, kuma ƙarƙashin wata dokar 2018, daga 2020 duk mai sayar da filin gini a yankin da lakarsa ke da haɗari dole ne ya miƙa wa mai saye sakamakon gwajin ƙasa.